Yaya ake gane ƙasar da ta fi kyawun aikin yanar ido?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce, ina karatun kiwon lafiyar al'umma. An ba mu aiki mu kwatanta yadda ƙasashe ke kula da masu yanar ido. Na samo alƙaluman yawan tiyatar da kowace ƙasa ke yi a shekara, na jera su daga babba zuwa ƙarami, sai malaminmu ya ce wannan bai nuna inganci ba. To me ke nuna shi? Kuma ana iya kwatanta ƙasa da ƙasa a yi adalci?

Amsa: Malama, malaminku ya faɗi gaskiya, amma kada ki yar da jadawalin da kika haɗa, yana da ranarsa. Abin da kika tattara shi ne ma'aunin da aka fi daɗewa ana aiki da shi, wato yawan aikin yanar ido da ake yi wa kowane mutum miliyan ɗaya a shekara. Da shi aka riƙa auna ci gaba tun 1999, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙawayenta suka ƙaddamar da shirin Vision 2020. A wasu ƙasashe masu arziki adadin ya haura 10,000, a ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara kuwa bai kai 1,000 ba. Wannan tazara gaskiya ce, kuma abin damuwa ce, domin har yau yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Ƙiyasin 2020 ya nuna mutum wajen miliyan 15 masu shekara 50 zuwa sama ta makantar.

Matsalar wannan ma'auni ita ce idanu yake ƙirgawa, ba mutane ba. Wanda aka yi wa ido biyu an ƙirga shi sau biyu, maƙwabcinsa da bai samu ko ɗaya ba kuwa ba ya cikin lissafi. Sannan bai san shekaru ba: ƙasar da tsofaffi suka yi yawa dole ta buƙaci aiki fiye da wadda yawancin jama'arta yara ne da matasa, ko da yawansu ɗaya. Babban abin shi ne bai tambayi ko mutumin ya gani bayan an cire masa bandeji ba. Idon da aka buɗe ya warke da wanda aka buɗe ya lalace duk ɗaya suke a wurinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

An yi sa'a aikin yanar ido ya fi yawancin tiyata sauƙin aunawa. Cuta ɗaya ce, aikin kusan iri ɗaya ne ko'ina: a cire madubin cikin ido da ya yi hazo, a dasa na roba a gurbinsa, dabarar da Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Sakamakon kuma ana karanta shi a allon gwajin gani. Idan aka ce mutum yana ganin 6/18, ana nufin sai ya matso mita 6 yake ganin abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 18. Saboda haka 6/6 cikakken gani ne, 6/12 ya fi 6/18 kyau, 6/60 kuwa gani ne mai rauni ƙwarai.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa mizani: cikin idanu 100 da aka yi wa aiki, aƙalla 80 su ga 6/18 ko fiye da haka a yadda mutum yake yawo, wato da tabaran da yake da shi ko ba tabarau, aƙalla 90 in an gwada su da gilashin da ya fi dacewa, waɗanda ganinsu ya gaza 6/60 kuma kada su kai 5. A 2021 aka ɗaga matakin abin da ake kira kyakkyawan sakamako zuwa 6/12. Ki kiyaye wannan sosai, domin nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Rahoton da ya ce kashi 70 sun samu kyakkyawan sakamako a ma'aunin 6/18, da wanda ya ce kashi 55 a ma'aunin 6/12, mai yiwuwa na biyun ne ya fi aiki mai kyau.

Bari in daɗe kaɗan a kan bambancin nan na gani a yadda mutum yake yawo da gani da gilashin da ya fi dacewa, don a ganina shi ne darasi mafi amfani a wannan fage. Madubin roban da ake dasawa yana da ƙarfi daban-daban, kuma kowane ido da nasa. Kafin aiki ya kamata a auna tsawon ido da lanƙwasar gabansa, a lissafa ƙarfin da zai dace. Inda babu na'urar awon, ko akwai ta amma madubin da ke ajiye a asibiti ƙarfi biyu ko uku ne kawai, sai a dasa wa kowa na tsaka-tsaki. Likita ya yi aikinsa tsaf, ido ya warke fes, amma mai ido yana ganin dishi-dishi saboda madubin bai dace da shi ba. A ɗakin gwaji, da an ɗora masa gilashi sai ya karanta har layin ƙasa, a rubuta an yi nasara. Ya koma gida ba tabarau, ba kuɗin sayensa, ba mai yi masa shi a kusa. Wane gani ne nasa na gaskiya? Wanda yake rayuwa da shi. Shi ya sa nake cewa duk alƙaluman da suka tsaya ga gani da gilashin gwaji kaɗai, hannun likita suka auna, ba su auna hidimar da ƙasa ta yi wa mutumin ba. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu kuma tana faɗa miki nawa ne daga cikin matsalar za a iya gyarawa da awo da tabarau kawai, ba tare da an sake taɓa wuƙa ba. A ƙasashen da ake bin diddigin wannan, ana duba nisan da sakamako ya yi daga abin da aka nufa: mizanin da aka ba da shawara a Birtaniya a 2009 shi ne kashi 85 su faɗa cikin dayofta ɗaya (dayofta ita ce ma'aunin ƙarfin gilashi), kashi 55 cikin rabin dayofta, kuma rajistar Turai ta nuna an wuce hakan.

To daga ina alƙaluman suke fitowa? Hanya biyu ce, kowace da makantarta.

Ta farko ita ce a bar asibiti a shiga gari. Akwai tsarin bincike na gida-gida da ake kira RAAB, wanda ake zaɓen mutum dubu biyu zuwa biyar masu shekara 50 zuwa sama a wani yanki, a gwada ganinsu a ƙofar gidansu, a duba idon, a rubuta ko an taɓa yi masa aiki, a ina, kuma me ya hana shi gani in ba ya gani. Kyawun wannan hanya shi ne tana ganin wanda asibiti ba ya gani: tsohuwar da ba ta taɓa zuwa ba, da dattijon da aka yi wa aiki bai koma ba. Daga irin wannan bincike aka fara fitar da kason waɗanda aikin ya kai gare su cikin masu buƙatarsa. Daga baya, a 2017, masu bincike suka kawo gyara mai muhimmanci: kada a ƙirga mutum cikin waɗanda aka biya wa buƙata sai in an yi masa aiki kuma yana gani da kyau. Wannan shi ne ma'aunin da za ki gani an rubuta eCSC.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don bayani kawai. A ƙasa ta farko, cikin mutum 100 da suka buƙaci aiki an yi wa 60, amma 36 ne ke ganin 6/12. A ta biyu an yi wa 45, kuma 40 na gani da kyau. In yawan aiki za ki bi, ta farko ce gaba. In waɗanda suka amfana za ki ƙirga, ta biyu ce, 40 a kan 36. A ta farko, kashi 40 na waɗanda aka yi wa aiki ba su samu abin da suka je nema ba, a ta biyu kashi 11 ne kawai. Wannan kason shi ake kira giɓin inganci, kuma ni shi nake fara dubawa kafin komai, domin shi ke nuna maganin da ƙasa ke buƙata. Ta biyu tana da hannu mai kyau, abin da ya rage mata shi ne ta kai ga mutane. Ta farko kuwa in ta ƙara yawan aiki ba ta gyara yadda ake yinsa ba, yawan waɗanda za su koma ƙauye suna cewa an yi musu aiki ba su gani ba take ƙarawa, kuma labarin mutum ɗaya irin wannan ya isa ya hana goma zuwa asibiti.

A watan Mayun 2021 babban taron ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wannan ma'auni, ya kuma sa buri: kowace ƙasa ta ƙara maki 30 a kansa kafin 2030, wato wadda take 20 ta kai 50. A 2022 mujallar Lancet Global Health ta buga nazarin da ya haɗa bincike 148 daga ƙasashe 55. Mafi ƙanƙantar adadi na Gini Bisau ne a binciken 2010, kashi 3.8, mafi girma na Hungari a 2015, kashi 70.3. Giɓin inganci ya tashi daga kusan kashi 11 a Ajantina zuwa kashi 73 a Gini Bisau. Ƙasar da ke tsakiyar jerin masu arziki tana wajen kashi 60, ta tsakiyar jerin matalauta wajen kashi 15. Kuma maza sun fi mata samun aikin da ya yi kyau, alhali mata ne suka fi yawa cikin masu ɗauke da cutar. Duk lissafin ƙasa da bai raba maza da mata ba, ya ɓoye wannan.

Ina ganin eCSC shi ne mafi adalcin abin da muke da shi don kwatanta ƙasashe, amma ki san iyakarsa. Yana waiwayen baya ne: cikin waɗanda aka gwada yau akwai wanda aka yi wa aiki shekara goma sha biyar da suka wuce, da dabarar da an daina amfani da ita. Ƙasa na iya gyara aikinta bana, adadin bai motsa ba sai bayan shekaru. Akwai wanda aikinsa ya yi kyau, daga baya ciwon suga ko hawan jinin ido ya ci ganinsa, shi ma zai faɗa cikin marasa kyakkyawan sakamako. Yawancin binciken kuma na gunduma ɗaya ne ko lardi ɗaya, ba na ƙasa duka ba, sannan cikin mutum dubu uku waɗanda aka yi wa aiki ba su fi 'yan ɗaruruwa ba, wani wurin ko ɗari ba su kai ba. Don haka kowane adadi yana tafe da tazarar rashin tabbas, kuma ƙasashe biyu da tazararsu ta shiga cikin juna ba a cewa wannan ta fi waccan. Ƙasashe masu arziki kuma ba su cika yin irin wannan bincike ba.

Su hanya ta biyu suke bi, wato rajistar asibitoci. Suwidin ta buɗe tata ta ƙasa tun 1992, Malesiya a 2002, ta haɗin gwiwar Turai mai suna EUREQUO ta zo a 2008, ta likitocin idon Amurka mai suna IRIS a 2014, Birtaniya ma tana da tata a ƙarƙashin kwalejin likitocin ido. A nan ana rubuta kowane aiki: yadda ido yake kafin a taɓa shi, abin da ya faru a ɗakin tiyata, da abin da aka samu bayan nan. Abin da suka fi sa wa ido shi ne yagewar jakar da madubi ke zaune a ciki. Jaka ce siririya ƙwarai, a cikinta ake so a ajiye madubin roba, in bayanta ya yage kuwa haɗarin ɓallewar ratina, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, da shigar ƙwayoyin cuta da rashin gani duk suna ƙaruwa. A bayanan Birtaniya na 2001 zuwa 2006 tana faruwa a kusan aiki 2 cikin 100, yanzu ta sauko ƙasa da 1.

Sai dai kada ki ɗauki wannan adadi ki ɗora shi kusa da na wani asibiti a Asiya ko Afirka ki yanke hukunci. Idanun ba iri ɗaya ba ne. A arewacin Turai mutane da yawa suna zuwa aiki tun suna iya karanta jarida, yanar tana da taushi, bayan ido ana ganinsa sarai. A inda ake jira sai an makance, yanar kan zo fara fat ko ta yi duhu ta taurare, likita ba ya iya hango abin da ke bayanta, sai ya cire ta sannan ya tarar jijiyar gani ta riga ta mutu. Binciken na Birtaniya da kansa ya nuna haɗarin yagewar jaka yana tashi daga ƙasa da 1 cikin 100 a ido mai sauƙi zuwa fiye da rabi a idon da matsaloli suka taru masa: tsufa sosai, yana mai tauri, ƙwayar ido da ta ƙi buɗewa, mara lafiyar da ba ya iya kwanciya rigingine. Shi ya sa suke daidaita lissafi da wahalar idon kafin su kwatanta likita da likita. Tsakanin ƙasashe wannan daidaitawa tana da wuya, don ba kowa ke rubuta bayanan da ake buƙata ba. Ga kuma cewa wasu rajistocin na ganin dama ne, asibitin da ya san aikinsa na da kyau shi ya fi saurin shiga, kuma likita ne da kansa ke rubuta cewa matsala ta faru a hannunsa. Idan na ga wurin da ya ce bai taɓa samun yagewar jaka ba, abin da na fi zato shi ne ba a rubutawa.

Shigar ƙwayoyin cuta cikin ido bayan aiki ita ce masifar da kowa ke tsoro, amma ba ta da yawan da za a kwatanta ƙananan wurare da ita. Asibitocin Aravind na kudancin Indiya, da suka duba aiki wajen 600,000, sun ga ta sauko daga kusan 7 cikin 10,000 zuwa 2 bayan sun fara zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin ido a ƙarshen aiki, kamar yadda babban gwajin Turai na 2007 ya nuna amfanin yin hakan. Asibitin da ke aiki 500 a shekara zai iya shekaru bai ga ko ɗaya ba, kuma wannan ba shaida ba ce a kansa ko gare shi.

Akwai kuma tambayar wa ya dawo aka gwada shi. Ana so a auna gani makonni huɗu zuwa shida bayan aiki, lokacin da kumburi ya sauka. A wurare da yawa mutane ba sa dawowa, saboda nisa da kuɗin mota da rashin mai rakiya. Binciken PRECOG da aka buga a 2013, wanda ya shafi asibitoci 40 a ƙasashe 10, ya tarar kusan rabi ne kawai suka dawo da kansu. Abin da ya faranta mini a binciken shi ne ya nuna gwajin da aka yi cikin kwana uku na farko yana hasashen sakamakon ƙarshe gwargwadon da za a iya auna asibiti da shi. Daga nan aka samar da manhajar BOOST don ƙananan asibitoci su riƙa bin aikinsu. Amma gwajin washegari da gwajin mako shida abu biyu ne, kada ki zuba su a layi ɗaya.

Allon gwaji ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Mutum na iya karanta 6/6 amma hasken fitilun mota na kashe masa ido da dare, wani kuma 6/24 kawai ya samu amma ya tashi daga wanda ake ja da sanda ya koma mai zuwa ko'ina da ƙafarsa. Wanne aka fi yi wa amfani? Don haka aka ƙirƙiro takardun tambayoyi da mara lafiya ke amsawa kafin aiki da bayansa, irin su Catquest-9SF da ya fito daga Suwidin, wanda ƙungiyar ICHOM, mai tsara ma'aunan sakamakon jinya, ta sa cikin jerin ma'aunan da ta ba da shawarar duniya ta yi aiki da su. Ina goyon bayan wannan sosai, domin shi ne kaɗai wurin da ake tambayar mai idon. Amma ƙetare iyaka da shi sai da hattara. Tambaya a kan karanta rubutun da ke gudana a ƙasan talabijin ba ta da ma'ana ga wanda bai yi karatu ba, shi ya sa aka tsara wata takardar daban a Indiya. Kuma akwai al'ummomin da mara lafiya ke jin nauyin ya ce wa likita bai gamsu ba, musamman in kyauta aka yi masa aikin.

Za ki ci karo da wasu ma'aunai biyu a rahotannin OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki: tsawon jira kafin aiki, da kason waɗanda ake sallama a ranar da aka yi musu. Suna nuna tsari da tattalin kuɗi, ba sa nuna gani, kuma ƙasashe ba daga rana ɗaya suke fara ƙirga jira ba. Haka nan kada ki ɗauki yawan amfani da na'urar feko, mai farfasa yana da girgizar sauti, a matsayin inganci. Gwajin da Sanduk Ruit da abokan aikinsa suka buga a 2007 daga Nefal ya nuna aikin hannu ta ƙaramar tsaga yana ba da gani kusan daidai da na na'urar, cikin ƙanƙanin lokaci da kuɗi, a idanun da yanarsu ta tsufa.

Abin da ke gyara aiki a zahiri shi ne a tambayi dalilin kowane idon da bai gani ba. Dalilan huɗu ne. Ko dai ido na da wata cuta tun farko, ko matsala ta faru lokacin aiki, ko tabarau ne babu, ko wani abu ya biyo baya, kamar hazon da kan taso a bayan jakar bayan watanni ko shekaru, wanda hasken lesa ke sharewa cikin 'yan mintuna in akwai na'urar. Kowane da maganinsa: na farko kyakkyawan bincike kafin aiki, na biyu horo da kayan aiki, na uku awo da gilashi, na huɗu bibiya. Wani asibitin ido a Kikuyu ta Kenya ya ba da rahoto a 2002 cewa da likitocinsa suka fara rubuta sakamakonsu suna zama suna dubawa tare, kason masu ganin 6/18 ya tashi daga kusan 77 zuwa kusan 89 cikin shekara ɗaya. Wannan ya sa na fi yarda da wuri ya kwatanta kansa na bana da na bara, fiye da jerin gwanaye na ƙasashe. Ina kuma jin tsoron a mayar da lambobin nan sandar dukan likitoci, domin likitan da ya san za a kunyata shi zai fara gudun idanu masu wuya, su kuwa masu irin waɗannan idanu su ne matalauta da tsofaffin da suka fi kowa buƙatarsa.

A aikin da aka ba ku, ki bar layin yawan tiyata yadda yake, ki ƙara masa layin eCSC da na giɓin inganci, maza daban mata daban in kin samu. Kusa da kowace lamba ki rubuta shekarar binciken, ko na ƙasa ne ko na gunduma, ma'aunin 6/12 ne ko 6/18, da tabarau ko babu, da tazarar rashin tabbas. Za ki tarar ƙasashe da yawa ba su da ko bincike ɗaya na kwanan nan. Kada ki cike musu gurbin da lambar maƙwabciyarsu, ki bar shi fayau ki rubuta cewa ba a auna ba, ki kuma nuna wa malaminku cewa ƙasar da ba ta san inda ta tsaya a 2021 ba, ba ta da hanyar nuna ta ƙara maki 30 a 2030.